Ɗakin da Aka Cire wa Sakata

Sau bakwai Affan ya doki ƙofar nan da ƙafa, amma sakatar ko gezau. Ranar wata Asabar ce da la'asar. Shafa'atu tana kicin tana yankan kuɓewar da ta sayo a kasuwar Rye Lane, sai ta ji ana bugun ƙofar waje kamar za a ɓalla ta. Tana buɗewa 'yarta Rukayatu ta wuce ta a guje, ba ɗankwali, takalmi ƙafa ɗaya, jini yana ɗiga daga leɓenta zuwa gaban riga. Ko gaisuwa babu. Ta faɗa ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen lungu, ta turo ƙofa, ta ja ƙarfe.

Ba a yi minti biyar ba sai ga mijin. Lif ɗin gidan ya mutu tun watan jiya, saboda haka da ƙafa ya hau bene biyar, yana huci. Ya bangaje surukarsa kamar labule, ya nufi ƙofar ya shiga zuba mata ƙafa. A na biyar katakon ƙasa ya tsage. A na bakwai ƙafarsa ce ta gaji. Ya tsaya yana haki, ya juyo ya ga Shafa'atu tsaye da wuƙar kuɓewa a hannu, sai hankalinsa ya dawo. Ya gyara wuyan riga, ya durƙusa har ƙasa.

"Mama, ina wuni."

Ita kuwa baiwar Allah sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kawar da kai, ta ce, "Lafiya lau." Suruki ne, ai ba a kallon suruki ido cikin ido. Mutum ya fasa wa 'yarki baki, ya tsaga miki ƙofa, ke kuma kina amsa masa gaisuwa! Abin haushi ne, amma haka aka rene ta a Zariya, kuma shekara talatin da biyu a Landan ba su rage mata ko ƙwayar gero a ciki ba.

Sakatar nan marigayi Malam ne ya kafa ta, mijin Shafa'atu, direban bas. Ranar da Rukayatu ta fara gudowa, wata shida da aure, da hannu a kumbure, yana gida. Ya dubi hannun, ya sa hula ya fita. Ya dawo da sakata ta baƙin ƙarfe irin ta ƙofar shago, tsawonta ya kusa kamu ɗaya, ya kafa ta daga cikin ɗakin da kusa huɗu masu kauri. Da ya gama ya gwada ta sau biyu, ya wanke hannu ya tafi masallaci. Iyakar abin da ya taɓa faɗa a kan auren ke nan. Tun daga ranar Rukayatu ta san tana da wuri guda a duniya da hannun Affan ba ya kaiwa.

Affan kuwa, in ka gan shi a taron suna yana raba shinkafa, sai ka yi wa 'yarka sha'awarsa. Karatu ya kawo shi, ya zauna. Yana aiki a wani asibitin kuɗi a Marylebone, shi ne mai ɗaukar hoton ƙashi. Ya san ƙashin mutum kamar yadda mahauci ya san na rago, ya san wanda ke karyewa da wanda ke yin tsami kawai ba ya barin shaida. Sai ran da zuciya ta ɗebe shi sosai yake taɓa fuska.

A wannan zuwan kwana huɗu Rukayatu ta yi a ɗakin. Shafa'atu ta dafa mata farfesun kaza, ta dama kunun gyaɗa tunda ba ta iya tauna, ta riƙa ajiyewa a bakin ƙofa tana ƙwanƙwasawa. "Ke, ga abinci nan." Haka take kiranta, "ke". In da wani take magana sai ta ce "waccan" ko "ta gidan nan". Rukayatu 'yar fari ce, kuma uwa mai kunya ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane, ba ta tsaya masa in ana shari'a. Matan da suka haifi takwas sukan ji kunyar ɗaya su sake da bakwai. Shafa'atu ɗaya Allah ya ba ta, ita ce farin ita ce auta, saboda haka duk son da ke cikinta ya rasa ƙofar fita. Tana son yarinyar nan son da ke hana ta haɗiye abinci. Amma tun ranar suna, shekara ashirin da tara, harshenta bai taɓa furta sunan ba.

A rana ta huɗu dattawa biyu suka zo biko, Affan na bayansu da kai a ƙasa da ledar lemo. Aka ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Aka ce haƙuri maganin zaman duniya. Shafa'atu ta je ta tsaya a bakin ƙofar. Rukayatu ta buɗe kaɗan. Haifaffiyar Landan ce, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take mayar da magana, sai in abin ya kai mata wuya take haɗawa.

"Mum, sau ɗaya kawai ki ce mini in zauna. Just once."

"Ki yi haƙuri."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Aure ai ɗan haƙuri ne."

Rukayatu ta dube ta da idon da bai gama sacewa ba. "Ko sunana ba ki taɓa kira ba, Mum. Lokacin da nake makaranta na ɗauka kin manta shi ne."

Shafa'atu ta kawar da kai. Da suka tafi ta shiga ɗakin ta sauya zanin gado, ta ajiye silifas a ƙarƙashi, ta sake cika kwalin bandeji. Ta san za a dawo.

Malam ya cika shekara guda da rasuwa, sai ga wasiƙa. Da yana da rai albashinsa ke biyan haya. Bayan shi, tallafin haya na gwamnati ne ke riƙe da ita, tare da 'yan awoyin da take yi tana raba abinci a wata firamare. Wasiƙar ta ce ita kaɗai ce a gida mai ɗaki biyu, ɗaya ya yi mata yawa, za a yanke kashi goma sha huɗu cikin ɗari na tallafin. In ba za ta iya cikawa ba, ta nemi ƙaramin gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma masu wasiƙa ba su da wannan karin maganar, su ɗakuna suke ƙirgawa da kawuna. Shafa'atu ta daina kunna hitar ɗumama ɗaki. Ta daina sayen nama. Wata huɗu ta yi tana fama, abin ya ƙi.

Ofishin gidaje ya turo mata ma'aikaciya, wata Rhoda, 'yar Kafanchan da ta yi ƙuruciya a Sabon Garin Zariya, Hausa a bakinta rangaɗau. Ta zagaya gidan da takardunta. Da ta zo ƙaramin ɗaki ta daɗe a tsaye. Ta ga gado a gyare, ta ga silifas, ta ga kwalin bandeji. Ta ga tsagar ƙofa daga waje, ta ga sakata daga ciki. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

"Mama, ɗakin nan ba empty ba ne. Wa ke kwana a ciki?"

"Ba kowa."

"Kina da 'ya'ya?"

"Akwai wata nan."

"Wata?"

"Tana gidan mijinta."

Rhoda ta yi ɗan murmushi. "Ta fari ce ke nan. Na gane." Ta zaro wata takarda ta ɗora a kan tebur. "Akwai ƙarin tallafi da ake yi wa applying in da dalili mai ƙarfi. Ban yi miki alkawari ba, amma zan tsaya a kai da kaina. Suna nake so a nan, dalili kuma a nan ƙasa. Ba sai kin faɗa da baki ba. Ga biro, ki rubuta."

Shafa'atu ta karɓi biro. Sunan dai da ta iya daurewa ta zana shi, tunda hannu ba baki ba ne. Gurbin ƙasan ne ya gagare ta. Ta rubuta cewa mijin 'yarta yana dukanta? Ta ɗauki asirin aure ta sa a fayil ɗin Turawa, ya shiga kwamfuta, gobe 'yan sanda su je wurin aikinsa? Kafin sati labari ya kai Zariya, a ce uwa ce da hannunta ta kashe wa 'yarta aure, 'yar farinta kuma, ba ko kunya. Ta ajiye biron a hankali.

"Mama," in ji Rhoda, muryarta ta sauka, "ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Ba kowa a ɗakin," in ji Shafa'atu. "Kaya ne kawai."

Rhoda ta bar mata lambar waya a bayan takardar, ta sauka benen tana girgiza kai.

Ranar Juma'a Affan ya zo gaisuwa da ayaba. Idonsa ya faɗa kan wasiƙun da ke kan tebur, ya karanta daga inda yake durƙushe. "Haba Mama, kina cikin wannan ba ki faɗa ba? Ki bar mini, ni zan yi handling komai." Kura aka ba ajiyar nama. Shekara biyar ɗakin nan yana tsone masa ido, ga shi gwamnati da kanta ta zo taya shi rushe shi. Cikin sati biyu ya samo wadda Shafa'atu za ta yi musayar gida da ita. Ya kuma ce kada Mama ta wahalar da kanta, shi zai sanar da Rukayatu. Shafa'atu ta kira wayar 'yarta sau uku a wannan tsakanin, a kashe. Ya ce wayar ce ta lalace. Ta yi shakka, amma ba a titsiye suruki da tambaya.

Mai musayar sunanta Shetu, 'yar zangon Kumasi, mai aikin kula da tsofaffi. Ita da 'ya'ya uku suke cunkushe a gida mai ɗaki ɗaya a Stratford, babbar a banɗaki take aikin makaranta, a zaune kan murfin masai. Ranar da ta zo dubawa ta shiga ƙaramin ɗakin ta dafa bango da tafin hannu, sai hawaye. "Mma, Allah shi saka," ta ce da Hausarsu ta zango, wadda ba ta raba mace da namiji. "Yarana za shi samu wurin kwana." Ba wanda zai ga laifinta. Shafa'atu ma ba ta gani ba, har ta ba ta kujeru biyu kyauta.

Sai mai duba gida ya zo, wani Bature da na'ura a hannu, yana latsawa yana wucewa. Ya tsaya a kan sakatar. Ya ce wannan ba tasu ba ce, duk abin da mai haya ya ƙara sai ya cire ya toshe ramukan kafin a miƙa makulli. An sa ranar Litinin, ƙarfe goma sha biyu na rana.

Ran Litinin tun da safe Affan ya zo da motar ɗaukar kaya, da fara'arsa, har da waƙa. Ya kwashe gado da katifu da tukwane, ya ce zai kai Stratford ya dawo ya ɗauke ta da sauran tarkace. Da ya tafi Shafa'atu ta tsaya gaban sakatar. Ta bar ta har ƙarshe ne, tana ta yi wa kanta hanya-hanya. Sukurdireban kwance kusa ya riga ya tafi cikin kayan da ke mota, sai ta ɗauko wuƙar kicin. Malam ya ɗaure kusoshin nan kamar ba za a taɓa kwancewa ba. Na farko ya karya bakin wuƙar, na uku ya ɓare mata farce. Da na huɗu ya fito, ƙarfen ya faɗo mata a hannu da nauyinsa. Ta toshe ramukan da farin ƙulli kamar yadda Baturen ya ce, ta shafe da yatsa. Ba ta iya jefa sakatar a shara ba, ta sa ta a jakar hannu ta rataya.

Sha ɗaya da rabi ta ji ana jan akwati a kan bene, mataki ɗaya ɗaya. Ta leƙa. Rukayatu ce, tana hawa a karkace, hannu ɗaya dafe da haƙarƙari. Wannan karon ba a guje take ba, da ɗankwalinta da akwatinta da jakar takardu a wuya. Ta shigo falo ta tsaya. Babu kujera, babu labule, babu hoton Malam a bango, sai tabon inda ya zauna.

"Mum, ina kaya?"

"Bai faɗa miki ba?"

"Faɗa mini me? Sati uku wayata tana hannunsa." Ta juya tana duban bangon. "Da safe ya taka ni a haƙarƙari, ya ce yau sai ya ga inda zan gudu. Ban gane ba. Na jira ya fita na haɗa kayana. Na baro shi, Mum. I'm not going back. Na zo gida."

Shafa'atu ta sunkuyar da kai. Ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, ba ta al'ada ba, kunyar wanda ya sayar da abin da aka ba shi amana.

Makullin da ta ba Affan da safe ya juya a ƙofar waje. Affan ya shigo yana kaɗa makullin mota a yatsa. Ya ga matarsa, ya ga akwati. Fara'ar ta zube daga fuskarsa.

"Ina za ki da akwati?"

Jikin Rukayatu ya riga ya san hanya. Ta saki akwatin ta ruga lungu, ta faɗa ɗakin, ta turo ƙofa da kafaɗa. Shafa'atu tana jin hannun 'yarta yana lalube a kan katako, sama, ƙasa, sama, farce yana karce inda ƙarfe ya saba zama.

"Mum! Mum, ina take?"

Affan bai ko yi gudu ba. Ya taka a hankali, ya sa tafin hannu ya tura. Ƙofar ta buɗe da ƙarfi ta maka Rukayatu da bango. Ya damƙi ɗankwalin da gashin gaba ɗaya ya fizgo ta tsakiyar ɗaki, ya sa mata gwiwa a haƙarƙarin da ya taka da safe. Ta yi ƙara, ƙarar ta yi amsa-kuwwa a gidan da ba kaya. Ya buga kanta da daɓe. Ya ɗago ya sake bugawa.

"Ni za ki bari? Ni? Ina ɗakin naki yanzu? Ja sakatar mana!"

Shafa'atu ta iso bakin ƙofa. Kuma wallahi, ko a wannan lokacin, hannunta sai da ya kai ga mayafi ya ja shi kan fuska. "Bari mana," ta ce, kai a kawar. "Don Allah ka bari. Ka yi haƙuri."

Ta kama gefen rigarsa. Ko waiwayowa bai yi ba, ya watsa hannu baya. Gwiwar hannunsa ta same ta a baki, ta yi baya ta bugi gefen ƙofa ta zube. Ta ji gishiri ya cika mata baki, ta tofar, haƙori ya fito tare da jinin. Mayafin ya zame ya faɗi. A karo na farko tun da aka ɗaura auren nan ta dubi surukinta sosai, ba shamaki. Ya haye ƙirjin 'yarta, yatsunsa goma a maƙogwaronta, yana dannawa da natsuwa kamar mai aikin da ya iya. Dugadugan Rukayatu suna bugun daɓe. Suna bugu, suna bugu, sai suka fara sanyi.

Jakar tana rataye a kafaɗarta har yanzu. Ba ta san lokacin da ta zuge ta ba. Ta miƙe da sakatar a hannu biyu, ta ɗaga ta kamar taɓarya, ta sauke masa a bayan kunne. Ƙarfen ya yi wata ƙara mara daɗi. Ya juyo da mamaki, baki buɗe, yana shirin cewa Mama. Ta ƙara masa a kan baki. Ya saki wuyan ya ɗaga hannu zai kare, ta sauke ta uku a kan yatsun, ta ji sun karye. Matar da ta shekara hamsin tana daka ba a koya mata sauke nauyi. Ya rarrafa ya yi waje, jini yana bin sa a daɓe, ta bi shi ta ƙara masa ɗaya a gadon baya. Ya kai tsakiyar lungu ya kife, yana gurnani, yana jan ƙafa.

Ta koma ciki ta durƙusa. Rukayatu tana kwance, kai a karkace, leɓe ya yi shuɗi, sawun yatsu a wuya. Shafa'atu ta girgiza ta. "Ke. Ke! Tashi mana. Ke!"

"Subhanallahi!" Shetu ce a ƙofar waje, ta zo karɓar makulli, ta bar yaranta a ƙasa cikin motar kaya. Ta tsallake Affan ba ta ko dube shi ba, ta shigo tana danna waya. Aikinta ne, ta saba ganin mutum tsakanin rai da mutuwa. Ta faɗa wa masu motar asibiti adireshi da Turanci, ta ajiye wayar a ƙasa, ta kara kunne a bakin Rukayatu, ta juya ta gefe ta ɗaga mata haɓa.

"Shina numfashi, amma kaɗan kaɗan. Mma, yaronki ne?"

"Eh."

"To kira shi! Kar ki bari shi tafi. Kira sunanshi, zai ji muryanki. Minene sunanshi?"

Shafa'atu ta dubi fuskar. Harshenta ya yi nauyi kamar na wani aka ara mata.

"Mma! Ba ki san sunan yaronki ba?"

"Ru..." Jini ya sarƙe ta, ta tofar. "Rukayatu."

A shaƙe ya fito, a karkace, ta gurbin haƙorin da ya fita. Ta sake faɗa, ya fi fita. Ta tallabo kan ta ɗora a cinya, ta sa baki a kunnenta. "Rukayatu. Rukayatu, ni ce. Rukayatu, 'yata, ki zauna. Kin ji? Na ce ki zauna, ba inda za ki koma. Rukayatu!" Tun tana faɗa har ta koma ihu, har maƙwabta suka fito kan bene. Duk kiran da ta haɗiye cikin shekara ashirin da tara sai da ya fito, tana kuka tana kira, ba ta damu da wanda ke ji ba.

Ƙirjin ya ɗaga. Rukayatu ta yi wani tari mai ƙarfi, ta ja iska da ƙara. Ido ɗaya ya buɗe, ya yi yawo a silin, ya sauko kan fuskar uwarta ya tsaya. Ta daɗe tana kallonta kamar tana son ta tabbatar daga bakin wa sunan ya fito. Daga lungu gurnanin Affan ya ƙaru, ana jin yana ƙoƙarin dafa bango. Leɓen Rukayatu ya motsa, muryar ba ta fi ta sauro ba.

"Mum. Ki sa sakata."

Shafa'atu ta dubi ƙofar, da tabo huɗu na farin ƙulli da ko bushewa bai gama yi ba. Ta dubi ƙarfen da ke yashe kusa da gwiwarta, jini da gashi manne a jikinsa. Kusoshin suna cikin shara tun ɗazu.

Ta zame cinyarta a hankali, ta ɗora kan 'yarta a hannun Shetu. Ta rarrafa ta tura ƙofar ta rufe. Ta zauna a ƙasa ta jingina bayanta da katakon, ta tokare ƙafafu biyu da daɓe, ta ɗora sakatar a cinya. Wayar Shetu da ke ƙasa tana nuna sha biyu da minti goma. Ɗakin ya riga ya zama na wasu.

Daga nesa jiniya ta taso ta wajen Rye Lane. Aka turo ƙofar daga waje, turi mara ƙarfi, aka sake turowa. Shafa'atu ta ƙara danna bayanta.

"Rufe idonki, Rukayatu," ta ce. "Ina nan."